Sunan Da Ya Maƙale A Amawali

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗan fari na autata Rabi ba, ko da Allah zai ƙara mini wasu shekaru saba'in a kan waɗanda na riga na ci. Na daɗe ina riƙe da labarin a ciki, ina fatan jama'a su gaji su manta. Da na ga ba su da niyyar mantawa, kowa ma sai ƙara masa gishiri yake yi gwargwadon ƙarfin bakinsa, sai na ce gara in rubuta shi da hannuna, domin wanda ya faɗi shi ya fi kowa sanin inda ƙasa ta buge shi.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin ko ni wane ne a wancan lokaci, ko in ce wanda nake zaton ni ne. Mutumin Damagaram ne ni. Na sauka Tamanrasset da sauran ƙarfina, na yi shekara talatin da ɗoriya ina sayar da shadda da atamfa a kasuwar Assihar. Da girma ya kama ni sai na bar wa ƴaƴana rumfa, na koma zauren gidana a Sersouf ina biya wa magidanta karatu. Amma abin da aka san ni da shi ba shadda ba ce, ba kuma karatun zaure ba. Ilimin sunaye ne. Da wuya a yi haihuwa a gidan Bahaushe a unguwarmu a raɗa suna ba da bakina ba. Ni kuwa ba na faɗin suna kawai in shafa fatiha kamar sauran malamai. Sai na tashi tsaye na gaya wa jama'a daga wane harshe sunan ya fito, da ma'anarsa, da yadda kowace ƙabila take lanƙwasa shi, da manyan da suka amsa shi tun zamanin annabawa. (Hajiya, mai ɗakina, ta sha rantsuwa cewa akwai ranar da ragon suna ya gaji da tsayuwa ya kwanta ya yi barci kafin in kai rabi. Ban ga wannan ba, amma ba zan ƙaryata ta ba.)

Ina da aibi biyu waɗanda a lokacin ban ɗauke su aibi ba. Na farko, duk zaman da na yi tsakanin Abzinawa (mu duk mai naɗa amawali Ba'abzine muke ce masa, ko bai taɓa taka Abzin ba), ban koyi harshensu Tamahak ba in ban da gaisuwa. A ganina mai Hausa da Larabci ya gama da harsuna, saura ƙari ne. Na biyun kuwa kunnena ne na hagu. Ya yi shekara uku da yin ritaya ba tare da ya nemi izinina ba. Lokotoro, wato likita, ya duba ya ce in riƙa sa wata ƴar na'ura mai kama da ƙwayar dabino, na ce masa Allah ya sawwaƙe, ni ban kai nan ba. Sai na ƙirƙiro dabara. In aka yi magana ban ji ba, sai in shafa gemu in ce, "Haka ne, madalla." Da wannan dabara na taɓa yi wa wani madalla a kan rasuwar raƙuminsa.

Mijin Rabi sunansa Ghali, malamin lekkol ne, wato makarantar boko, yaro mai kunya da natsuwa, asalin iyayensa Abzinawan Idlès ne, wani gari can cikin duwatsu. Su kuwa al'adarsu game da suruki ta fi tamu tsanani. In ya hango ni sai ya ja amawali, wato shashin rawanin nan da ke rufe baki da hanci, har sai idanu kawai suka rage. Ba ya ci a gabana, ba ya sha, ba ya ɗaga murya, sunana kuwa ko a bayan idona ba ya kama shi. Ranar ɗaurin aurensu na yi wa danginsa bayani mai tsawo cewa Ghali kalmar Larabci ce mai nufin abu mai tsada da daraja. Suka saurara, suka gyaɗa rawuna. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mahaifinsa, Ghissa, shi ne dattijon gidansu, suna ce masa Amghar, wato babba. Dogo ne siriri, yana da lambun dabino da ɓaure da ƴan awakinsa a can Idlès. Da ƙuruciyarsa ya bi ayarin gishiri zuwa Damargu suna komowa da gero, a nan ya koyi Hausa, irin tsohuwar Hausar nan ta fatake wadda ko a Damagaram yanzu sai a bakin tsofaffi. Sau biyu kacal muka taɓa haɗuwa kafin wannan rana. Muna girmama juna, amma irin girmamawar zakaru biyu da ke tsakanin danga, kowa na auna tsayin ɗan uwansa. Ban taɓa zuwa garinsu ba, kullum ina fakewa da munin hanya. Rabi kuwa abin yana cin ta, domin mace ba ta samun kwanciyar rai in gidan ubanta da gidan mijinta suna gaisawa da bakin yatsu. Wannan suna shi ne ranar da ta sa rai za a haɗa gidajen biyu. Tsoho da ciwon baya ya hau mota ya sha girgiza a kan duwatsun hanyar nan, tare da ƙannensa da ƴaƴansu, don kawai ya halarta.

Ana jajibiri da la'asar Hajiya ta kawo mini shayi ta tsaya tana murmushi.

"Malam, gobe dai a taƙaita. Baƙi sun sha hanya."

"Ilimi ba a yanka masa wutsiya, Hajiya."

"To, ko ba a taƙaita ba, a buɗe kunne da kyau. Akwai alheri a tafe."

Na ce mata kunnena lafiyarsa lau, kuma tun ba ta san hanyar Tamanrasset ba nake raɗa suna. Ta kwashe kofunanta ta tafi. Ashe ta san abin da aka shirya, an roƙe ta kada ta faɗa.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi da darduma a ƙofar gidan Ghali. Sanyin duwatsun nan bai gama sakin gari ba, kowa ya duƙunƙune cikin bargo ko alkyabba. Hausawan Sersouf da na Assihar suka cika gefe guda, mutanen Idlès suka jeru a ɗaya gefen cikin baƙaƙen rawuna, ana zagayawa da dabino da goro. Rago fari yana ɗaure a jikin turke, mahauci na wasa wuƙa. Aka zaunar da ni a tsakiya. Amghar Ghissa ya zauna a damana. A gabana kuwa ga Alhaji Sabo Bakano mai sayar da takalma, abokin wasana, wanda tun da nake bai taɓa barin kuskurena ya kwana ba.

Lokaci ya yi. Ghali ya taso ya zo zai raɗa mini sunan. Tun da mahaifinsa na zaune a damana, sai ya zagaya ya durƙusa ta hagu. Ya ja amawali har ƙasan ido, ya sunkuyar da kai, ya yi wata magana da ko sauro ya fi ta ƙara. Abin da ya tsallake amawali ya tsallake mataccen kunne ya iso gare ni shi ne, "...maghil."

A nan ne mai hankali zai ce, "Ɗana, sake faɗi, ban ji ba." Kalma biyar ce ko shida. Amma faɗinta a gaban taron nan daidai yake da shelar cewa Malam ya kurumce, ga kuma Alhaji Sabo ya zuba mini ido. Na laluba cikin kaina, na bi sunayen annabawa, na bi na sahabbai, na bi na waliyyai, ban sami Maghil ba. Maimakon in zargi kunnena sai na zargi sunan. Na ce a raina, lalle wannan wani sunan gargajiya ne na duwatsu, an ɗauko za a liƙa wa jinina.

Na gyara zaman alkyabba, na yi gyaran murya, na miƙe.

"Jama'a," na ce, "an raɗa mini wani suna, wai Maghil. Ni dai na yi shekara arba'in ina bin asalin sunaye, ban taɓa cin karo da wannan ba, a littafi ko a bakin malami. Suna riga ce da yaro zai sa har kabari, kuma da shi za a kira shi ranar tsayuwa. Ba zan sa wa jikana rigar da ban san masaƙinta ba."

Wuri ya yi tsit. Mahauci ya daina wasa wuƙa. Na ga mutanen Idlès suna duban juna ta saman amawali, na ga wani ƙanen Ghissa ya jawo takalmansa kusa da shi, alamar mai shirin tashi. Ghali yana nan durƙushe kamar an dasa shi. Ni kuwa sai na ɗauki shirun nan a matsayin girmamawa ga ilimi, na ƙara buɗe murya.

"Sunaye masu asali ba su ƙare ba. Ku ɗauki misali da Isma'ila. Ba don sunana ne na yanka ba, Allah ya sani, ni ba mai roƙon takwara ba ne." (Ƙarya nake yi. Tun ranar da aka ce Rabi ta haifi namiji nake kwaɗayin abin, na kuma riga na yanke ƙauna, domin na san ɗan fari hakkin dangin uba ne.) "Wannan suna ya girmi Larabcin da muke karantawa. Daga Ibraniyanci ya fito, gaɓa biyu ne aka haɗa. Ta farko ji, ta biyu Il, wato sunan Ubangiji a harshensu, shi ne kuke ji a ƙarshen Jibrilu da Mika'ilu. Ma'anarsa ke nan, Allah ya ji. Annabi Ibrahimu ya tsufa bai sami haihuwa ba, yana roƙo yana cewa ka ji ya Ubangiji, da aka ba shi ɗa sai ya sa masa sunan amsar addu'arsa. Shi ne jaririn da Zamzam ta ɓuɓɓugo dominsa, shi ne aka fansa da rago, shi ya taya mahaifinsa ɗaga harsashin Ɗakin Allah. Mahaifin babban malamin hadisin nan na Bukhara sunansa ke nan. An yi sarki mai wannan suna a Maroko, an yi a Farisa, an yi a Masar har wani birni ya gaji sunan."

Na dakata na sha iska, na duba ko jama'a na biye da ni. Suna biye, fiye da yadda nake zato.

"Kuma ba ƙasar da bai shiga ba. Mu a Damagaram mukan ce Sama'ila, wasu su gutsure su ce Ila. Zabarmawa da mutanen Mali su ce Sumaila. Larabawan nan garin su haɗiye farkonsa su ce Smail. Nasara ya rubuta Ismael a takardarsa. Duk rigar da sunan nan ya sa, ko cikin duhu na gan shi sai na gane shi."

Da na kai nan sai na ji an taɓa gefen alkyabbata. Amghar Ghissa ne. Bai tashi ba, bai ɗaga murya ba, sai dai ya karkato ta wajen kunnena mai rai, ya yi magana a fili yadda kowa zai ji.

"Malam, Allah shi ƙara sani. Mun sha karatu. Ni jahili ne, makiyayin awaki, ina da tambaya ƙanƙanuwa."

"Bismilla, Amghar."

"Ɗana wannan da ka ba ɗiyarka, wane suna nai?"

"Ghali mana. Na ma yi muku bayaninsa ranar aure."

"Ka yi, mun gode. Amma ran da aka haife shi, malamin da ya raɗa mishi suna Ali ya ce. Bakinmu ne ba ya iya wannan harafi na maƙogwaro da Larabawa ke matsewa. In mun zo gare shi sai mu ɗora mishi ɗigo guda a ka, ain ta koma gain. Ali, Ghali. Ni da kake ce ma Ghissa, wane annabi ne takwarana?"

Na ce a hankali, "Isa."

"Madalla. Wancan ƙanena mai neman takalmi, Ghusman muke ce mishi."

"Usmanu," in ji Alhaji Sabo, tun ba a tambaye shi ba.

"To, Malam," in ji tsohon, "yaron nan kunya gare shi. An tilasta mishi faɗin sunan da bai taɓa faɗi ba tun da ya shiga gidanka, shi ya sa kan sunan ya maƙale cikin amawali, wutsiya kaɗai ta iso ka. Ni ba surukinka ba ne ƙarami, bari in fiddo ma shi duka." Ya ɗan sassauta rawani, ya rarraba kalmar kamar mai koya wa yaro baƙi. "Is-ma-ghil. Ɗauke ɗigon, Malam, ka karanta muna."

Nan take sanyin nan duka ya bar jikina, gumi ya keto mini daga ƙarƙashin rawani. Bakina ya buɗe don kansa, na ji muryata ƴar ƙarama tana cewa, "Isma'ila."

"Shi ne," in ji Ghissa. "Ɗan fari nawa ne, a al'adarmu da taku. Ɗana ya zo har Idlès ya roƙe ni in bar ma ka, don ɗiyarka ta ji daɗi, gidajenmu su zama guda. Na bari. Mun ɗauko sunanka mun hau duwatsu da shi mun kawo ma har ƙofa. In ka ce ba ka san masaƙinsa ba, sai mu koma da abinmu."

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan, domin dariya tana rage nauyi. Sai Alhaji Sabo, Allah ya saka masa (wannan ne karo na farko da na ƙarshe da zan yi masa wannan addu'a), ya tafa hannu ya ce:

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku shaida, yau Badamagare ya yi sallama da kansa a ƙofar gida, ya ce maigidan ba ya nan! Malam, ai ka ce ko cikin duhu ka gan shi sai ka gane shi. To ga shi da hantsi, sai dai ya naɗa rawani!"

Nan fa taro ya fashe. Hausawa suka kwanta da dariya, rawunan Idlès suka riƙa girgiza, har daga cikin gida na jiyo mata sun ɗauka, da muryar Hajiya a sama da ta kowa. Ghusman ya saki takalmansa. Na duba na ga ko Ghali kafaɗunsa na rawa, yana ta ƙara jan amawali har ya kusa rufe idanun.

Na zauna. Na kama hannun Ghissa da hannuwana biyu na ce, "Amghar, na yi ɓarna a gaban jama'a, a gaban jama'a nake neman gafara. Kunnena na hagu ya mutu shekara uku ke nan, girman kai ya hana ni yi masa jana'iza. Harshenku kuma na zauna cikinsa shekara talatin ban ɗebi ko cikin cokali ba. Kyautar da kuka kawo ta fi ƙarfina."

Ya riƙe hannuna shi ma. Sa'an nan ya ce, "Ni ma idona na dama haka yake, Malam. Shi ya sa na zauna ta nan, in gan ka da na hagu. Raɗa ma yaro suna, rago ya gaji."

Aka fito da jariri cikin zane. Na karɓe shi, na yi addu'a mafi gajarta da na taɓa yi a rayuwata, na ɗaga murya na ce sunan yaro Ismaghil. Na faɗe shi da ɗigonsa, yadda suka kawo shi, ko da yake maƙogwarona ya kusa tsagewa. Aka shafa, aka yanka rago, guɗa ta tashi.

Bayan kwana biyu na shiga duba Rabi. Mai karatu ya san al'adarmu, mace ba ta kama sunan mahaifinta, saboda haka in an yi masa takwara sai a nemi lakabi a saya, a ce Abba ko Baba Ƙarami. Na tambaye ta wane lakabi ta zaɓa. Ta sunkuyar da kai, tana wasa da yatsun jaririn, ta ce:

"Ai ba sai an saya ba, Baba. Ismaghil zan riƙa ce masa gatsau. Kai da bakinka ka shaida wa duniya ba sunanka ba ne."



Da kaka ta zagayo na hau motar nan na sha duwatsun Idlès, na kwana bakwai a lambun Ghissa, yana koya mini Tamahak ina yi masa gyaran fatiha, kowa na dariyar bakin ɗan uwansa. Da na komo na wuce wurin lokotoro na karɓi ƙwayar dabinonsa, tana nan cikin kunnena ina wannan rubutu. A Assihar kuwa sunan da ba wanda ya kira ni da shi tun rasuwar mahaifiyata ya dawo da ƙarfinsa, sai dai ya dawo da rawani. Daga bakin kasuwa Alhaji Sabo ke ƙwala mini kira, "Malam Ismaghil, an ji ko a ƙara?"

Har yanzu ana kirana raɗin suna, har yanzu kuma ina bayani, domin mai hali ba ya barin halinsa. Amma in uban yaro ya durƙusa, nakan juya masa kunnen dama, in ce ya faɗa sau biyu, in kuma tambayi yadda ake faɗinsa a gidansu. Shekara saba'in ina yawo da suna mai cewa Allah ya ji, ina fassara wa mutane shi taro bayan taro. Allah kam ya ji, har ya ba ni takwaran da na roƙa a ɓoye. Mai sunan ne bai ji ba.